Anti, Umma ta koma raba ƙwayar magani biyu saboda tausayina

Ga saƙon da ya shigo min:

"Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta a Tudun Wadan Kaduna, albashina 60,000. Ummanmu na da ciwon suga da hawan jini shekara 9 kenan, bara likita ya ƙara mata allurar insulin. Yanzu magani da allura da tsinken awon suga na cin kusan 50,000 duk wata, kuma kusan ni kaɗai ce. Yayyena maza biyu ne, ɗaya ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Abuja, ɗaya na da shago a kasuwa, sai sun ga dama su turo. Na saida ɗan kunnena na gwal, na ci bashin manhajar waya har sun fara tura wa mutane saƙo, maigidana ya fara ƙorafi. Satin da ya wuce na gano Umma raba ƙwaya biyu take, allurar ma yau ta yi gobe ta bari, wai don ta sauƙaƙa min. Wata maƙwabciya ta haɗa ni da mai maganin gargajiya, yace in kawo 80,000 sau ɗaya ya raba ta da ciwon har abada amma sai an daina na asibiti. Anti in biya? Wallahi na gaji."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau uku na karanta saƙon nan, kuma duk sanda na zo wajen da kika ce Umma na raba ƙwaya biyu sai in ajiye wayar in yi shiru, don kin fama min wani tsohon miki. Zan ba ki labarinsa. Amma bari in fara da mai gaggawar: kar ki ba mutumin nan ko sisi, kuma dan girman Allah kar a tsayar mata da maganin asibiti ko na kwana ɗaya.

Ni ba mai raina maganin gargajiya ba ce, da shi aka raine mu, ita kanta metfomin ɗin da ake ba masu suga daga wani tsiro na ƙasashen Turai masana suka samo hanyarta. Bambancin shi ne an auna, an san nawa ke cikin kowace ƙwaya, an san me take yi wa ƙoda. Shi kuwa jiƙon cikin jarka, ko mai haɗa shi ba zai rantse miki ƙarfin na yau da na jiya ɗaya ba ne. Sannan suga irin na manya da hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a rabu, zama ake da su ana lallaɓawa. Wanda ya kai matakin insulin in aka yanke masa ita sugan hawa zai yi ta yi, fitsari ba ƙaƙƙautawa, ƙishirwa, jiki ya bushe, wata rana da asuba a tashe shi ya ƙi tashi. Ranar nan lambar mai jarka ba za ta shiga ba, ke ce za ki tsaya a imajansi da mayafi a hannu ana lissafa miki kuɗin ruwa da na gado.

Kuma ki sani suga da hawan jini su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. In ƙoda ta tsaya sai wanki, sau biyu ko uku a sati. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, toh ko a wannan ragin ne ki lissafa sau biyu a sati, 96,000 kenan a wata, ba a sa kuɗin allurar ƙarin jini ba, ba a sa kuɗin mota ba. Kinga 50,000 ɗin da ke karya ki yanzu, ita ce katangar da ke tsakaninku da wancan.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, tela ne, hawan jini ne da shi, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ni ke saye. Duk sanda na leƙa gida nace Baba ka sha magani, sai yace na sha uwata, Allah ya yi miki albarka. Wata rana ya dawo daga sallar asuba ya faɗi a zaure, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Kwana biyu da kwantar da shi na je gida ɗauko masa kaya, na ɗaga katifarsa, sai ga katunan magani a jere cikin wata baƙar leda, wasu ko ɓalle su ba a yi ba. Ashe ɗaya yake sha duk bayan kwana uku, yana tara sauran don wani watan yace min kar in saya akwai saura. Ya ga kansa ya daina ciwo ya ɗauka ya samu sauƙi, alhali hawan jini ba ya sallama, yana iya kaiwa ƙololuwa mutum na zaune yana hira. Shekara huɗu Baba ya yi a kwance. Kuɗin gashi, famfas, keken guragu, mai juya shi da dare. Muka saida keken ɗinkinsa, muka saida filin da ya saya don ƙannena. Abin da ya tara min a ledar nan duka bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Har yau in na ga tsoho a kemis yana cewa a ba shi na kwana biyu sai gabana ya faɗi. Ke Allah ya so ki, kin gano da wuri.

Kafin in ci gaba ina so ki sauke wani kaya daga kanki, wannan jin da kike kamar kin gaza. Albashinki ko mafi ƙarancin albashi na 72,000 da gwamnatin Kaduna ta amince da shi a 2024 bai kai ba, a haka kike riƙe da maganin mutum guda. Farkon 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni, zuwa farkon 2024 dala ta haura 1,500, kuma yawancin magungunanmu ko kayan haɗa su daga waje ake kawowa, Indiya da Sin musamman. A Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar zai naɗe tabarmarsa a Najeriya, a Nuwamba Sanofi mai yin insulin ɗin Lantus shi ma yace zai koma sayarwa ta hannun dillalai. A Yunin 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji kan kayan haɗa magani, mu dai masu tsayawa a layin kemis muna jiran mu gani a ƙasa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita. Toh ina laifinki a nan?

Inda nake ganin kuskurenki ɗaya ne, kuma irin nawa ne sak: kin ɓoye. Kin ɓoye wa likita, kin ɓoye wa yayyenki, Umma kuma ta ɓoye miki. Kowa na rufa wa kowa asiri ciwo na cin ta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar asibitinta mai zuwa, ko ma ki nemi a matso da ita, ki shiga wajen likita tare da ita da duk kwalayen maganin a leda, ki ce masa likita ga abin da take yi, ga abin da nake samu a wata, ba zan iya wannan ba, me za a canza? Kar ki ji kunya, kullum suna jin irin wannan, kuma in ba ki faɗa ba zai ga sugan ya hau ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan ya ƙara mata wani mai tsada. Akwai abubuwan da yake iya yi. Magani ɗaya na da sunan kamfani da sunan asali, Glucophage metfomin ce, Norvasc amlodifin ne, in ya rubuta da sunan asali za ki samu na wani kamfanin da bai kai rabin kuɗin ba sau da yawa, muddin akwai lambar NAFDAC kuma a famasi mai rajista kika saya ba a tire ko bayan mota ba. Insulin ma iri-iri ce, ta kwalba da ake ja da sirinji ta fi mai kamar biro araha, ki tambaye shi ko Umma za ta iya komawa ta kwalba, amma shi zai canza ya faɗi adadin, ba ke ba ba mai kemis ba. Ki tambaye shi sau nawa lallai sai an auna suga a sati, don tsinkayen nan na cin kuɗi ba kaɗan ba. In kin fito ki nemi ofishin walwalar marasa lafiya, manyan asibitocin koyarwa irin Barau Dikko da Shika suna da shi, ki zauna ki yi musu bayani, wani lokacin ana yafe wani abu ko a haɗa mutum da masu taimako.

Abu biyu kan allurar nan da ba na so su wuce ki. Insulin ba ta son zafi ba ta son ƙanƙara. In ba wuta, ki sa kwalbar a leda ki ɗaure ki ajiye a jikin randa ko cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kar a sa ta kan ƙanƙara a kula, in ta daskare ta lalace kuɗinki ya tafi. Wadda aka buɗe kuma wajen sati huɗu ake so a gama da ita. Na biyun ya fi haɗari: kar ta yi allura ba abinci a cikinta. In kika ga tana rawar jiki, zufa na keto mata, jiri, ko tana magana ba kan gado, sugan ne ya faɗi, maza a jiƙa sikari a ruwa a ba ta in tana iya haɗiya sannan ta ci abinci, in ba ta cikin hayyacinta kar a ɗura mata komai, sai asibiti.

Yanzu yayyenki. Nan ne maganar take, don ko an rage kuɗin maganin ya koma 30,000 ba ke kaɗai ya kamata ki ɗauka ba. Ban san su ba ba zan zage su ba, amma na san yadda abin ke faruwa a gidajenmu. 'Ya mace na kusa, ita ke ganin ledar magani ta ƙare, ita ke jin nishin dare, sai ta toshe ramin da jikinta. Namiji na nesa ya bugo waya yace Umma ya jiki, tace da sauƙi alhamdulillahi, ya ajiye waya hankalinsa kwance. Kin iya rufin asirin har ya zama ba wanda ya san akwai abin rufawa. Ina tabbatar miki Yayanki na Abuja bai san kin saida ɗan kunne ba, bai san uwarsa na gutsura ƙwaya da haƙori ba. In kuma ya sani ya yi shiru, toh wannan wata magana ce tsakaninsa da Allah, don malamanmu na Malikiyya sun faɗa ƙarara ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne kan 'ya'yan da ke da hali, ba alfarma ba ce.

Ga yadda zan yi in ni ce. Ki samu littafi ɗan 40 ki rubuta sunan kowane magani da kuɗinsa da kwana nawa yake yi, ki haɗa risit na wata biyu ko uku. Ki ɗauki hoton rabin ƙwayoyin nan. Ki buɗe guruf a WhatsApp ku uku kawai, ki tura, ba gori ba kuka ba tone-tonen baya, ki ce Yaya ga halin da ake ciki, ga abin da Umma ta koma yi, ga abin da likita yace zai biyo baya, ni iya kaza zan iya duk wata, sauran ya za mu yi? Abin da kike nema shi ne adadi da rana, wane zai ba da kaza ran 28, wane kaza ran 5. "Zan ga abin da zan iya" ba ta sayen insulin. In kin san maganarki ba ta da nauyi a wajensu saboda ke ƙarama ce kuma mace, ki je wajen kawunku ko wani babba da suke jin kunya ki nuna masa littafin, shi ya kira zaman. Mai shagon nan in ba ya son fitar da tsabar kuɗi, ce masa ya ɗauki insulin kawai, ya dinga biyan famasi kai tsaye, wasu mazan sun fi sakin hannu in sun san ga takamaiman abin da ke wuyansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi kuma na Abuja akwai abin da ke hannunsa da ƙila bai taɓa tunani ba. Ma'aikacin tarayya na cikin inshorar lafiya ta NHIA, wadda da ake ce wa NHIS kafin Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a 2022, ta ƙunshi shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma ana iya ƙara wani kamar uwa in an biya ƙarin kuɗi, maganin da ke cikin jerinsu kuma kashi 10 cikin 100 kawai ake biya. Ya je ya tambaya a ofis. Nan gida kuma muna da KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kaduna da aka kafa a 2018, wanda ba ma'aikacin gwamnati ba ma na iya shiga ya biya na shekara, akwai kuma rajistar masu rauni irin tsofaffi da ake yi ta asibitocin mazaɓu ƙarƙashin asusun kula da lafiya a matakin farko. Ki tafi da lambar NIN ɗinta, ki nemi su nuna miki jerin magungunan da suke ɗauka ki duba na Umma a ciki kafin ki biya. Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai jiran lokaci kafin kati ya fara aiki, akwai ranar da za a ce maganin ya ƙare je ki saya a waje, akwai layi. Amma ko ganin likita da gwaje-gwaje da maganin hawan jini kaɗai aka ɗauke miki an rage.

Bashin manhajar nan ki tsaya haka, kar ki ci wani don biyan wani. Ki sa shi a littafin shi ma su gani, don bashin maganin uwarsu ne. Tura wa mutane saƙon cin mutunci da suke yi kuwa ba ƙa'ida ba ce, hukumar FCCPC ta tarayya mai kare haƙƙin masu saye na karɓar ƙorafi a kansu, ki ajiye hotunan saƙonnin. Kar ki bari kunya ta kashe ki, bashi hanji ne yana cikin kowa. Kuma wanda bashi ya yi wa katutu na cikin mutum takwas da Allah ya lissafa a Suratut Tauba aya ta 60 cewa zakka ta halatta gare su, don haka in kawu ko limamin unguwa ya san mai fitar da zakka, karɓa ba bara ba ce. Da na san wannan lokacin jinyar Baba da filin ƙannena bai tafi ba.

Maigidanki ki zaunar da shi ki nuna masa littafin nan da shirin da kika yi. Sau da yawa abin da ke damun miji shi ne ganin rami ba ƙasa, in ya ga akwai iyaka kuma yayyenki sun shigo zuciyarsa za ta sauko. Ki gode masa kan haƙurin da ya yi.

Abinci kuma kar wani ya ɗora miki tsada. Ba dole sai tuwon alkama ko acca kullum ba, alkamar ma na ɗaga suga in an cika kwano. Tuwon dawa ɗan madaidaici da miyar kuka ko kuɓewa mai yawa, wake, zogale, rama, yalo, kabeji, duk suna nan a Kasuwar Bacci. A rage gishiri da dunƙule, a bar lemon kwalba, zuma ma suga ce. Ta guji shan maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da haɗin kemis barkatai, suna wahalar da ƙoda. Kullum da dare a duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu, ɗan ƙaramin ciwo a ƙafar mai suga shi ke kai ga yanka. Sau ɗaya a shekara a duba ƙoda a duba ido, ga asibitin ido na ƙasa nan cikin Kaduna ba sai kun yi tafiya ba. Ke ma ki auna naki jinin da sugan, abin na bin jini kuma ga damuwar da kike ciki.

Sai Umma. Dan Allah kar ki yi mata faɗa. Abin da ta yi so ne, ta ga kunnenki ba ɗan kunne ta gane, uwa ba a ɓoye mata. A ranta gani take ta zame miki kaya, kuma tsoho in ya fara wannan tunanin shi ke sa ya fara janye jiki daga duniya a hankali. Ki je da daddare bayan isha'i lokacin da gida ya yi shiru, ki zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ki ce Umma na ga abin da kike yi kuma na san don ni kike yi, amma in kika faɗi ni ce zan fi kowa shan wuya, in kina tausayina ki sha maganinki cikakke. Ki gaya mata su Yaya sun shigo ciki ko da zaman bai kammala ba tukuna, in dai kin fara maganar. In ta yarda ki ba ta labarin Babana da baƙar ledarsa, na yafe miki ki faɗa.

Daga nan ki samo 'yan ƙananan robobi bakwai masu murfi, ki zuba na kowace rana daban daga Asabar zuwa Juma'a, ki sa wata jika ko yarinyar gidan ta tsaya a kanta da safe har ta haɗiye. Duk Juma'a in kin je gaishe ta ki buɗe robobin ki gani, ki ɗaga kwalbar insulin a haske ki ga inda ta kai. Allah ya ba Umma lafiya, ya buɗa miki. Ki rubuto min bayan kun ga likita, ina so in ji me ya canza mata da abin da su Yaya suka ce.